Toka da Jan Biro

Tun kafin Fada ya yi sanarwa a coci, gari ne ke fara gaya mana. Hazo ya washe, man kaɗanyar da ake shafa mana da safe ya daina daskarewa a kwalba, kwanon rufin aji ya soma ƙas-ƙas da hantsi kamar ana watsa masa tsakuwa, mangwaron da ke bakin ofishin Sista ya kakkaɓe fure ya fito da 'yan ƙwallaye. Da ka ga haka ka san baƙi biyu na kan hanya, kuma tare suke sauka: azumin kwana arba'in da jarrabawar ƙarshen zango. Mu 'yan aji shida kuwa akwai na uku da ke leƙe ta bayansu, wato jarrabawar shiga sakandare, wadda ba mu san ta da wani suna ba sai kwaman.

Makarantarmu a harabar coci take, a kudancin Kaduna, wajen unguwannin masaƙa, inda jiniyar canjin aiki ke raba wa mutane yini. Iyayenmu yawancinsu ma'aikatan masaƙa ne, sai 'yan reluwe da 'yan sanda da ƙananan 'yan kasuwa. A benci ɗaya sai ka tarar da Bajju da Tibi da Bahaushe, a na bayansa Ibo da Atyap da Banufe. A aji Turanci ne dole, amma da an kaɗa ƙararrawar tara, Hausa ce ke cika fili.

Ba ita ce makarantar mishan ta asali ba, irin wadda Mama ta yi a ƙauye. Limaman mishan na ƙungiyar SMA sun kafa zangonsu a Shendam a 1907, daga baya aikin ya bi layin dogo ya shiga ƙauyuka, kuma da wuya su gina coci ba su jingina aji a gefensa ba. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan. St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, firamare kuma suka shiga hannun hukumar ilimi. Da shirin UPE na ilimin firamare ga kowa ya zo a 1976, yara suka yi wa benci da malamai yawa. Shi ya sa daga baya ikilisiyoyi suka riƙa buɗe ƙananan makarantu na kuɗi a harabarsu, da 'yan azuzuwan da Zumuntar Mata ta ɗebo wa ruwa da yashi. Tamu ɗaya ce daga cikinsu. Sabuwa ce, amma ta gaji halin tsohuwar: kalandar coci ita ce babba, ta makaranta a cikinta take neman wurin zama.

Shekarar da na fi riƙewa ita ce 1993, ina aji shida. Larabar Toka ta faɗo ranar 24 ga Fabrairu. Bayan an kira sunaye a aji, aka jera mu biyu-biyu zuwa coci. Fada ya fito da shunayyar riga, bagade babu fure ko ɗaya. Katikis ya riga ya nuna mana tun ranar Talata yadda yake ƙona busasshen ganyen dabinon bara a cikin tsohon kwano, ya tankaɗe, ya zuba a ƙaramar tasa. To wannan ganyen da muka kaɗa da murna bara shi ne zai dawo mana a goshi.

Layin karɓar toka shi ne abin da har yau nake gani in na rufe ido. A makarantar nan kome da matsayi ake yin sa. Wurin zama a aji da sakamako ake raba shi, masu ƙoƙari gaba, sauran baya. Monita daga cikin ukun farko ake zaɓo shi. Amma a layin nan babu wanda ya tambayi na nawa ka zo. Sista shugabar makaranta tana cikin layi, Malamarmu tana ciki, tsohon da ke share haraba yana gabanta, yarinyar da ba a taɓa kayar da ita a lissafi ba tana bayan yaron da kullum shi ke riƙe da wutsiyar aji. Babban yatsa ɗaya ne, toka ɗaya ce, magana ɗaya ce ake maimaita wa kowa, ana tuna masa asalinsa da makomarsa. A lokacin ban iya faɗar abin da nake ji ba. Na dai san ina fitowa daga coci da wani irin sauƙi a ƙirji, kamar an sauke mini jakar da na manta ina ɗauke da ita.

Muka koma aji, Malama ta ɗauki alli ta rubuta gwajin lissafi goma a allo. Zufa ta jiƙa tokar, wani ɗigo baƙi ya gangaro ta kan hancina ya faɗa a littafin. Abokin bencina, wanda bai je coci ba don shi Musulmi ne, ya dube ni ya ce a hankali, “Kai, ba za ka goge ba?” Na ce ba a gogewa, sai ta fita da kanta. Ya gyaɗa kai, ya ce, “To, ni ma ina ɗauke da nawa yau.” Leɓensa a bushe. A shekarar nan azumin Ramadan ya kama ne a makon da namu ya kama, tazarar ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu ba, kuma shi ne karo na farko da ya ƙudura zai kai kowace rana har faɗuwar rana, ba rabin yini irin na yara ba.

Saboda haka lokacin tara ya zama wani abu dabam a makonnin nan. Masu tallar ƙosai da alala da gullisuwa suna nan a bakin ƙofa kamar kullum, amma kasuwa ta ragu. A kan teburin Malama akwai gwangwanin madara babba da aka tsaga murfinsa. Sule biyar ɗin da aka ba ka na tara, in ka ga dama ka ci, in ka ga dama ka jefa a gwangwani, a ƙarshen azumi a miƙa wa 'yan ƙungiyar St. Vincent de Paul su kai wa marasa lafiya da gwauraye. Ba a rubuta sunan wanda ya jefa. Malama ta hana ma a jefa a gabanta. Sai ta fita sannan. Ni da abokina mukan zauna a gindin mangwaro, shi ba ya cin kome, ni na bar alawa da ƙanƙarar leda, muna yi wa juna tambayar jadawalin sau. Ban taɓa shan ruwa a gabansa ba. Babu wanda ya ce in yi haka. Randa tana bayan aji, sai in zaga.

A dokar Ikilisiya ba a ɗora wa yaro irina kome ba. Barin nama ranar Juma'a daga shekara 14 yake farawa, azumi na wajibi kuwa na manya ne daga 18 zuwa 59, kuma kwana biyu ne kawai, Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Yesu. Paparoma Bulus na Shida ne ya sassauta dokar a 1966. Amma Mama ta tashi ne kafin sassaucin, lokacin da ake Mas da Latin, kuma ba ta taɓa yarda sassaucin ya shigo kicin ɗinta ba. Laraba da Juma'a daga shida zuwa shida take yi. Juma'a a gidanmu wake ne, ko fate, ko miyar kuka da busasshen kifi in albashi bai yi nisa ba. Abokina ya san da haka. Da aka yi ƙaramar Sallah a ƙarshen Maris, ya dawo makaranta da cincin da cinyar kaza soyayya naɗe a takarda. Ya miƙo mini, ya ce, “In ji Inna. Amma ka ajiye sai gobe, na san yau Juma'arku ce.” Na kai gida, Mama ta rufe a kwano ta ɗora kan kwaba, ta ce in je in gaida uwar yaron in yi mata barka da Sallah.

Kada a ɗauka kome lafiya lau ne. Shirin jarrabawa a wancan zamani da dorina yake tafiya. Kowace safiya akwai lissafin ka: Malama ta jefo tambaya, ka amsa kafin ta ƙirga uku, in ka kuskure ka miƙa hannu. Na ga yaran da suka san amsa sarai amma tsoro ya ɗaure musu harshe, aka yi ta dukansu har suka yarda da kansu cewa ba su da ƙwaƙwalwa. Ranar ba da sakamako kuma a gaban kowa ake kiran suna, daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, 'yan ƙananan azuzuwa na dariya. Wannan zalunci ne, kuma ba ya zama daidai don an yi shi a inuwar coci. Ban yi kewarsa ba ko kaɗan.

Iyayenmu ma ba su da sassauci, amma na fahimce su. Baba yakan dawo daga aikin dare da auduga a gashin kansa, idonsa ja, ya ce in kawo littafin tambayoyin kwaman na shekarun baya, wanda ya gada daga wani abokin aikinsa, bangonsa an manne da salatif. Bai yi nisa a boko ba, amma ya san abin da ake nema. Burinsa kwalejin gwamnatin tarayya da ke Malali; Mama kuma a ranta ƙaramar seminari ta Zariya take so, ko da ba ta faɗa da ƙarfi ba. Yakan ce, “Ɗana, injin nan ya cinye mini kunne. Ba na so ya ci naka.” Wanda aka gaya wa haka ba ya ɗaukar jarrabawa da wasa.

Amma duk da matsin nan, ranar Juma'a da rana ana ajiye alli. Musulmi a sallame su su tafi shirin masallaci, mu kuma mu nufi coci don Hanyar Gicciye. Zango goma sha huɗu, kowanne da hotonsa a bango, kowanne da durƙuso a kan siminti mai zafi. Gwiwoyinmu sukan yi fari fat. A zango na tara, inda Yesu ya faɗi karo na uku, 'yan aji ɗaya sun fara gyangyaɗi, fanka ba ta motsi don babu wuta, babu abin da kake ji sai muryar katikis da kukan kurciya a saman rufi. Yara uku ke shiga gaba, ɗaya da gicciyen katako, biyu da kyandir. Riƙe gicciye babbar girmamawa ce, kowa na so. A shekarar nan Sista ta ba wa yaron nan da kullum yake zuwa na ƙarshe, kuma ta bar masa har azumi ya ƙare. Dogo ne, ya girme mu da shekara biyu, ya maimaita aji. Wata Malama ta yi ƙoƙarin cewa ai akwai waɗanda suka fi cancanta. Sista ta ce, “Malama, shi ya san nauyin abin.” Ba ta ƙara ba. Na ga yadda yake wanke farar rigarsa tun daren Alhamis, yadda yake riƙe katakon da hannu biyu, a miƙe, ba ya ko waiwaye. Awa guda a mako makaranta gaba ɗaya tana bin bayansa, har da yarinyar da ke zuwa ta ɗaya, har da Malamar da ta dake shi da safe.

A makon da ya biyo bayan Sallah aka shiga jarrabawa. Ranar lissafi aka raba benci, aka sa jaka tsakanin kowane mutum biyu. Tambaya ta ƙarshe mai maki goma ce, ta ɗan kasuwa da ya sayi buhunan masara ya sayar, a faɗi ribarsa bisa ɗari. Na yi, na goge, na sake yi, amsa na fitowa da ragowar da ba ta da kai. Saura minti biyar. Abokina ya sunkuya ɗaukar fensirinsa da ya faɗi, takardarsa ta zame ta wuce jakar. Na gani. Ba amsar kaɗai na gani ba, har layin da na ɓata. Na gyara nawa, na miƙa. Bai sani ba, Malama ba ta gani ba.

Kwana biyu bayan haka aka kai mu ikirari, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya fara karɓar Jibi kafin Mako Mai Tsarki. Wanda ke zaune a akwatin wani tsohon Fada ne ɗan ƙasar Ailan, ya daɗe a ƙauyukan kudancin jihar, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Na lissafa ƙananan laifuffuka tukuna, na bar wannan a ƙarshe, na faɗe shi da sauri don ya wuce. Bai bar shi ya wuce ba. Ya ce, “Ɗana, makin nan goma, yanzu a hannun wa suke?” Na ce a hannuna, Fada. Ya ce, “Naka ne?” Na yi shiru. Ya ce shi ba zai iya gaya wa kowa abin da ya ji a wurin nan ba, ko Sista, ko Bishop, kuma ba zai tilasta mini in tona kaina ba. Amma abin da aka ɗauka ba na mutum ba, hanyarsa a mayar. Ya ba ni addu'ar da zan yi, ya sallame ni.

Na kwana biyu da abin a ciki kamar na haɗiye tsakuwa. Ranar Litinin na tarar da Malama ita kaɗai a aji tana cika katin sakamako. Na tsaya a bakin tebur har ta ɗago. Da na gama faɗa, na miƙa hannu da kaina, don na san abin da ke biyo baya. Ta dubi hannun, ta dubi dorinar da ke jingine da allo, ba ta taɓa ta ba. Ta zaro takardata daga ƙunshi, ta ja layi da jan biro a kan tambayar ƙarshe, ta rage goma, ta sake tara jimla. Daga na uku na koma na bakwai. Ta ce, “Je ka share allo.”

Ranar Laraba aka kira sakamako aka ba da hutu. Baba ya daɗe yana duban katin. Wurin jimla akwai gogewa da sabon rubutu, ya ga alamar. Ya ce, “Me ya faru a nan?” Na gaya masa duka. Na ga ransa ya sosu, don ya riga ya gaya wa abokan aikinsa cewa bana ɗansa zai shiga ukun farko. Ya ninke katin ya sa a aljihun gaba, ya ce, “Wannan bakwai ɗin taka ce. Ɗauko littafin kwaman.” Washegari da yamma muka tafi coci don Alhamis Mai Tsarki, aka wanke ƙafafun dattawa goma sha biyu, aka kaɗa ƙararrawa ta ƙarshe, daga nan ta yi shiru har daren Ista. A kwanakin nan babu sautin da ke tashi a unguwa sai jiniyar masaƙa da kiran salla daga masallacin bakin kasuwa.

Jiniyar ta daɗe da yin shiru. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, gine-ginen na nan ciyawa ta cinye. Kafin wannan, rikicin Fabrairun 2000 ya riga ya tsaga garin gida biyu, kogin Kaduna ya zama iyaka. Iyalin abokina sun kwashe suka haye arewacin gari, kamar yadda dangin wasu abokanmu suka kwaso daga can suka dawo kudu. Tsofaffin limaman Ailan sun koma gida ko sun kwanta dama a nan. 'Ya'yan ƙasa ne a bagade yanzu, wasunsu ma tare muka yi durƙuso a siminti.

Yau 'yata ce ke makarantar Katolika, a wata unguwa ta kudancin garin. Abubuwa da yawa sun gyaru, kuma ina godiya. An hana duka. Ba a kiran sakamako a fili. Akwai fanka mai aiki da hasken rana, akwai ɗakin kwamfuta, malamai suna kiran yara da sunansu cikin ladabi. Akwai kuma katanga mai tsawo da waya a kai, da maigadi da littafin sa hannu, don zamanin da ake sace yara a makaranta ya koya wa kowa tsoro. Toka na nan, shunayyar riga na nan, har gwangwanin sadaka na nan, sai dai ya zama ambulan da ake rubuta sunan yaro a bayansa, a kuma tuna wa iyaye a zauren WhatsApp.

Abin da ya kumbura shi ne jarrabawa. Mu kwaman ɗaya muka sani, in an yi yawa biyu. Ita tana da ta tarayya da hukumar NECO ke shiryawa, da ta makarantun soja, da na makarantun mishan guda uku, kowace da fom ɗinta da kuɗinta da ranarta, wasu ma a kwamfuta ake yi. Aji shida ya kusa zama kango, domin iyaye tun daga aji biyar suke cire yara, wasu ma aji huɗu. Ke nan yarinya 'yar shekara tara ce ke ɗauke da kayan da muka ɗauka muna sha biyu. Lesin har ƙarfe huɗu, lesin ranar Asabar, gwajin share fage kowane mako. Sakamakon da aka daina kira a fili ya koma bakin ƙofa, a kan wani ƙaton kyalle da hotunan waɗanda suka ci, domin da shi makaranta ke jawo sababbin ɗalibai, da kuɗinsu kuma take biyan malamai. Ban ga laifin Sistar yanzu ba; lissafin da ke gabanta na gaske ne. Amma yaron da ba zai taɓa hawa kyallen nan ba, ban san awar da aka ware masa a mako ba.

A wani taron iyaye da malamai, wani uba ya miƙe ya ce a ɗauke wa 'yan ajin jarrabawa Hanyar Gicciye ta Juma'a, a sa gwaji a madadinta, ai za su iya yi a cocinsu da yamma. Aka yi ta tafi. Ina zaune a sahu na uku, ban tafa ba, amma ban miƙe ba. A raina ina lissafin kuɗin fom ɗin da na biya, ina kuma jin muryar Baba da maganar injin da ya ci masa kunne. Tsoron da ya sa shi ɗauko littafin kwaman bayan aikin dare shi ne a cikina, ya ma fi nasa, don a zamaninsa wanda bai ci jarrabawa ba akwai masaƙa tana jiransa, yanzu kuwa babu. Aka tsaya a kan a rage ta zuwa minti ashirin, a aji, a zaune, ta lasifika. Na koma gida da nauyin shirun da na yi, irin nauyin nan na tsakuwa da na sani tun ina yaro.

A 2025 azumin biyu suka sake kamawa kusan tare, bayan shekara talatin da 'yan kai da wata ke ɗauka kafin ya zagayo. Ramadan ya kama ranar 1 ga Maris, Larabar Toka ta zo ranar 5. A Bauchi da Katsina da Kano da Kebbi aka rufe makarantu saboda azumi, shugabannin Kirista suka nuna rashin yarda, aka yi ta ce-ce-ku-ce a rediyo. Ni abin da ya tsaya mini a rai ƙarami ne. Na tambayi 'yata ko akwai mai azumin Ramadan a ajinsu. Ta ce babu Musulmi ko ɗaya. Ta san Ramadan a littafin darasin zamantakewa, tana iya kawo ma'anarsa ta ci maki biyu. Ba ta taɓa zagawa bayan aji ta sha ruwa don wani ba.

Ranar Larabar Tokar nan na je ɗaukarta da yamma, na tarar goshinta fes. Na ce ba a kai ku coci ba ne? Ta ce an kai su da safe. Amma mai hoto ya zo ɗaukar fasfo na fom ɗin jarrabawa, ranar ce kawai yake da sarari, kuma an ce hoton ba ya karɓuwa in akwai wani abu a fuska. Aka bi su da auduga da ruwa aka goge. Ta faɗa tana kallon taga, sannan ta ce, “Baba, ai ka ce ba a gogewa.”

Ban nufi gida ba. Na juya mota zuwa cocin unguwarmu, inda ake Mas na ƙarfe shida don ma'aikata. Ta ce tana da tambayoyi arba'in na gobe. Na ce su jira. Coci ya cika har waje, 'yan acaɓa da hularsu a hannu, matan kasuwa da goyo, wani ɗan sanda da kakinsa, tsofaffin ma'aikatan masaƙa biyu da na gane, ɗaya sai an yi masa magana a kunne. Muka shiga layi, tana gabana da jakar makaranta a baya, na ce ta kawo in riƙe mata. Da aka zo kanta ta ɗaga fuska ta rufe ido, katikis ya dangwali toka ya shafa mata, mai kauri, har wata ta zubo a girarta.

A hanyar gida ta zaro littafin tambayoyin ta buɗe a cinya, tana karantawa da hasken fitilun titi. Can wajen gadar sama ta ɗago ta ce, “Baba, kai da kana aji shida na nawa ka zo?” Na ce na bakwai. Ta ce ai Kaka ta ce ina da ƙoƙari, me ya sa na bakwai? Na rage gudu, na soma ba ta labarin ɗan kasuwar da ya sayi buhunan masara.